Na rufe ido riƙe da hannun amarya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mai lalle ce, a Nyanya nake zaune, shekara tara ina yi wa amaren Abuja zane. Tun bara hannuna na dama ya fara tsami, yatsu uku su mutu kamar ba nawa ba, ni kuma da shegen taurin kai sai in haɗiyi magani in ci gaba. Da na je asibiti, matar da ke gasa min hannun, wata 'yar Filato mai kirki, ta ce anti kin daɗe kina yi wa hannun nan tsawa, yanzu ki saurare shi. Ta koya min in ya fara ɗaurewa in dakata, in rufe ido, in ja numfashi a hankali, in lura da inda ciwon yake, kar in yi kokawa da shi. Dariya na yi mata, amma wallahi in na yi yana sakina.

To wata biyu da suka wuce ina tsakiyar zanen wata amarya a Gwarinpa hannun ya riƙe. Na rufe ido ina numfashi, ashe ban saki tafin yarinyar ba. Gwaggonta ta shigo ta gan mu haka, sai salati, wai me nake tofa wa 'yarsu. Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce ita ba yarinya ba ce, tunda take ba ta taɓa jin an saurari hannu ba. A gabana aka wanke lallen, aka rako ni har geti.

Maganar ta zaga wayoyin mata, wai mai lallen Nyanya asiri take yi wa amare. Huɗu sun fasa, waɗanda na yi wa zanen aurensu ma ba sa ɗaukar kirana. Na yi kuka har na gaji.

Ranar Asabar ina da amarya ɗaya da ba ta fasa ba, kuma na san hannun zai riƙe, kullum sai ya riƙe. In na tsaya na rufe ido a gabansu, shi ke nan ba mai sake kirana. In na sha magani na danne, matar asibiti ta ce wata rana yatsun ba za su farfaɗo ba. Ni kuma ban iya komai ba sai lalle.

Jama'a ranar Asabar wanne zan bari ya mutu, sunana ko hannuna?