Reshen Ƙarshe na Tsohuwar Kastanya

Zuwa ga ƙanena Rosamel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Jovita da jaririyarku Amanda, Allah ya raya ta. Mu nan El Carmen lafiya lau, sai sanyi da ruwa da suka hana mu sakat. Baba yana nan da rigimarsa, hannunsa ne dai rawar ta ƙaru.

Abin da ya sa na rubuto, tsohuwar bishiyar kastanyar bayan gida tana mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar ta ruɓe, baƙin ruwa na tsattsafowa daga ɓawonta. A kakar bana 'ya'yan da muka tsinta ko aladu ba su ƙoshi da su ba. Ran da na ga rabinta ya bushe sai da na yi kuka, don daga jikinta aka yanko reshen da aka aura wa itacen kowannenmu da aka haife mu.

Reshe ɗaya ne ya rage da rai. Na yanko 'yan tsirai daga gare shi na binne a jiƙaƙƙen yashi, na kuma tanadi dashen da za a aura musu a kan tudu. Na ce wa Baba ya bari in ɗaura na Amanda, sai ya harare ni ya ce tun zamanin kakansa uban yaro ke ɗaurawa, ko ni na haife ta ne? Na ce kana Calama, aikin haƙar tagulla ba ya sakin mutum. Ya ce to tagullar ta yi wa yarinyar inuwa.

Na san kai da Baba kun rabu ba daɗi, kuma ban ce ka manta ba. Amma tsiran nan ba za su wuce Satumba ba. Da zarar idonsu ya buɗe sun fara toho, shi ke nan. Idan ba ka zo ba, Amanda ce za ta zama ta farko a gidan nan da ba ta da itace. Baba bai ce in kira ka ba. Wuƙar auren itacen dai ya wasa, ya hana kowa taɓawa.

Ka gaishe mini da Jovita. Gwaggo Eduvigis da Baudilio suna gaishe ka.

Yayarka mai jiranka,
Ercilia