Hannun Da Nake Cin Abinci Da Shi

Litinin, 3 ga Maris
Wankin ƙoda yau ma. Awa huɗu ina kallon silin. Duk lokacin da nas ta soka allura a hannun hagun nan sai in tuna ranar da za a haɗa min jijiyar wankin. Likita ya ce, "Baba, da wane hannu kake cin abinci?" Na ce dama mana, wa ke ci da hagu? Shi ke nan ya yi aikin a hagu. Ni kuwa bahago ne. Cin abinci kawai Inna ta mayar min dama da bulala, guduma da zarto suna hagu tun ina yaro. Kalma ɗaya da na ƙara, da yanzu ina shago.

Alhamis, 6 ga Maris
An hana hannun ɗaukar nauyi, an hana shi dukan guduma. Kafinta ba duka, to me ya rage?

Asabar, 15 ga Maris
Na saci jiki na je shago. Ƙofar da na fara yi wa wani mai kanti na nan rabi. Ƙanina ya ce, "Yaya, bari in ƙarasa." Na ce sai ka ga gawata. Na buga ƙusa kaɗan. Wallahi daɗi har cikin ƙashi.

Litinin, 17 ga Maris
Hannu ya kumbura. Nas ta ɗora yatsa a wurin, sannan ta ce motsin jijiyar ya ragu. "Baba, in wannan ta mutu sai dai mu sa maka roba a wuya. Zaɓi ɗaya, guduma ko jijiya." Uwar yara ta yi ta kuka a mota. Ban lallashe ta ba, kunya ta hana ni.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na gwada buga ƙusa da hannun dama a tsakar gida. Ƙusa ta lanƙwashe, na daki babban yatsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Jijiya ta dawo daidai, alhamdulillahi. Ƙanina ya zo gaisuwa, yana ta kame-kame. Na ciro makullin shago na miƙa masa, na ce riƙe min kafin in warke. Ya ce, "To, Yaya." Bai ɗago ya dube ni ba, ni ma ban so ya duba ba.