Lambar da Na Yi wa Hajo da Mataccen Magani

Gaisuwa mai yawa ga mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu, Musulmi da Kirista. Ina roƙo kada a nemi sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Shekara goma sha huɗu ke nan ina ɗauke da wannan magana, ban taɓa buɗe baki na faɗa wa ɗan Adam ba.

Ni mai lamba ne a Jega, wato cikin masu tsaga damtse su sa maganin da ke tsare mutum daga agana. Asalina daga wajen Zuru nake, a hannun mishan na koyi karatu da aikin magani, can kuma aka yi mini baftisma. Lokacin da aka turo ni nan Turawa ba su daɗe da zama ƙasar ba, da an hango mutum da gajeren wando da jaka sai a ce ga yaron Nasara nan. In faɗi gaskiya, ba wanda ya taɓa zagina a fuska. Mahauta na zaɓa mini nama mai kyau, maƙwabta na aiko mini da tuwon salla. Amma ran Lahadi ni kaɗai nake rufe ƙofa, in yi waƙa, in yi addu'a, in ce amin, ba mai amsa mini. Matata ta yi wata bakwai ta ce ba za ta iya ba, ta koma wajen danginta.

Ga yadda aikinmu yake. Maganin lamba yana zuwa cikin 'yan siraran kwalabe, kuma ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Cikin ƙaramar tukunyar ƙasa muke sa shi, mu naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, duk rijiyar da muka tarar a hanya mu ƙara jiƙawa. In tsumma ya bushe tukunya ta ɗau zafi, to magani ya mutu, ko da ido bai ga wani canji ba. Sannan bayan kwana takwas dole ka koma ka duba. In wurin ya tashi ya yi ƙurji, lamba ta kama. In ya warke sumul, ba ta kama ba, sai a sake. Baturen likitan da ke kanmu yakan ce wa sauran ma'aikata ni ba sai an bi bayana ba, Kirista ne, ba ya ƙarya. Ni kuwa sai kaina ya kumbura, ina tafiya ina jin ba kamar ni.

Wata bazara aka tura ni Giwa Tazo, ƙasar Maiyama. Kafin in wuce sai na biya Aliero ɗauko wani saƙo, a can na ji ana labarin wani tela baƙo da ya sauka da kekensa da matarsa, wai su ma masu sallar Lahadi ne. Jama'a, na fi shekara ban durƙusa tare da kowa ba. Na ɗaure jakina a bakin rumfa na tafi nemansu, niyyata mu gaisa kawai. Sai matar ta ɗora tukunya, mijin ya fara wata waƙa da muke yi a gida, na tsinci kaina ina hawaye kamar ƙaramin yaro. Muka wuni ƙarƙashin tsamiya muna waƙa da addu'a, washegari ma ban iya tafiya ba sai bayan azahar. Tukunyar magani tana rataye jikin mangala inda na sauke ta, rana ta same ta jiya, ta same ta yau. Da na taɓa, tsumma ya bushe ƙamas, tukunya ta yi zafi rau.

Na san abin da ya kamata. In koma Jega in ce wa Likita na ɓata magani, a jira wani ya iso. Amma da wane baki? Ni da ake ba da misali da ni? Sai na durƙusa a bayan rumfa, na ɗora hannu kan tukunyar, na ce Ubangiji, kai da ka ta da matattu, rayar da ɗan maganin nan ba zai gagare ka ba. Na ce ai wajen yabonka na tsaya, ba wajen caca ba. Na tashi ina jin wai na yi babban imani, na jiƙa tsumma na kama hanya.

Da na isa Giwa Tazo gari ya watse don tsoron lamba, mata na tura yara cikin rumbu. Mutum ɗaya ya fito ya tarye ni, zan kira shi Bawa, wani manomi da na taɓa cire wa kurkunu a Jega. Ya sauke ni a zaurensa, ya ba ni fura, sannan ya shiga gida ya fito riƙe da 'yarsa Hajo, ba ta wuce shekara shida ba, tana ta leƙen jakata tana dariya. Ya tsaya a dandali ya ce wa mutane, "Wanga mutum ya hidda min kurkunu, bai nemi komi ba. Ga ɗiyata, shi hwara da ita." Na kama ɗan damtsen nan na tsaga, na shafa abin da zuciyata ta san matacce ne. Ganin haka sai sauran suka fara fito da nasu. Da zan tafi na yi wa Bawa alkawari gaban jama'a cewa ran kwana takwas zan dawo in duba.

Ban koma ba. Ran nan na ɗaure wa jaki kaya na kwance, na sake ɗaurewa na kwance. Tsoro nake ji in je in tarar da damatsa sumul. Kun san abin da na gaya wa kaina? Wai komawa dubawa rashin bangaskiya ne, wanda ya miƙa wa Allah abu ba ya bin baya yana leƙe. Ku ji fa wayon banza. Da na koma, da na gani, da an sake musu da magani mai rai, da magana ta ƙare a nan da 'yar kunya kaɗan. Na ce wa Likita komai ya tafi daidai, shi kuwa bai tambaye ni sau biyu ba.

Da rani ya zagayo agana ta shiga Giwa Tazo. Ta ɗauki yara cikin waɗanda na tsaga da hannuna. Hajo ma ta kamu, ta tashi, amma ciwon ya tafi da idanunta duka biyu, zanzana kuma ta rufe mata jiki har ba mai iya cewa ko lamba ta taɓa kamawa a damtsenta. Mutanen gari suka juya wa Bawa baya, suka ce shi ya jawo musu, lambar Nasara ƙarya ce. Da ya zo kasuwar Jega na hango shi na nemi ɓuya, amma ya riga ya gan ni. Na ɗauka zai shaƙe ni. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ka yi naka aiki, Malam, saura na Allah na." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ban sake barin tsumma ya bushe ba, ban sake tsallake kwana takwas ba, ko ana ruwa ko ana rana. Na gane a makare cewa Allah bai hana a dogara gare shi ba, amma ba bawana ba ne da zan zubar da aiki in ce ya kwashe. Na roƙi gafara har gwiwoyina sun yi kanta. To amma wace gafara ce wannan, alhali wanda na cuta yana kawo mini dawa da albasa duk kaka? Duk faɗin ƙasar nan Bawa kaɗai ke shigowa ɗakina ya zauna kan tabarmata, mu yi hira har la'asar. Ba ni da fasto, ba ni da ɗan'uwa a kusa. Aboki ɗaya gare ni, shi ma da ƙarya nake riƙe da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Kasuwar da ta wuce Bawa ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce Hajo ta yi aure ta haifi ɗa namiji, kuma an fara jin labarin agana wajen Maiyama. Ita ta ce a kai jaririn wurina, amma duk garin ba wanda zai ƙara miƙa damtsen ɗansa, tun abin da ya faru ba mai lambar da ya sake samun ko ruwan sha a can. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, kai kas san aikinga. Gaya min mi yas sa lamba ba ta tsare Hajo ba, in samu abin da za ni hwaɗa musu, su hiddo yaransu." Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Ya ce zai dawo.

Amsar tana bakina. In na ce musu lamba ba ta yi ƙarya ba, ni na yi, mataccen magani na shafa musu kuma na ƙi komawa, wataƙila su yarda wani ya je ya yi wa yaransu da mai rai. Amma aikina ya tafi, za a ce ga halin Kirista nan, kuma Bawa zai san cewa shekara goma sha huɗu yana shan zagi saboda ni, yana kuma ciyar da wanda ya makantar masa da 'ya. In na yi shiru, yaran Giwa Tazo na nan ba lamba, ciwo kuma yana matsowa. Na fara durƙusawa in ce Ubangiji ka tare musu shi, sai na ji irin addu'ar bayan rumfar nan ce nake shirin maimaitawa, na kasa ƙarasawa.

Jama'a, tsohon nan zai shigo ya zauna kan tabarmata, ya jingine sandarsa, ya jira in buɗe baki. Me zan yi?