Ƙararrawar da Aka Cire wa Harshe

San Telmo, Meksiko
9 ga Disamba

Herlinda, abokiyar zamana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Itzel da jaririn. Yaya ƙafar taki da sanyin Chicago?

Kin san ni da waya ba ma shiri, shi ya sa na ɗauki biro. Crisanto, abokin aikina na kaɗa ƙararrawa, ya rasu jiya, ranar idin Maryamu, a saman hasumiyar majami'a.

Muna juya Santa Úrsula ne, ƙararrawar da yake kira Magulmaciya. Ita ba ta igiya ba ce, da hannu ake tura ta har ta wuntsila, ni a gefe ɗaya, shi a ɗaya. Katakon kanta ya same shi a ƙeya. Ko shurawa bai yi ba.

Shekara talatin da ɗaya muna hawa wannan matakala tare. Da safen nan ma sai da ya tsokane ni, wai, "Nicanor, ka rage cin waken nan. Ranar da tumbinka ya maƙale a lungu, ni dai ba ja zan yi ba." Na ce masa ɗan tsamurarre kawai. Maganar ƙarshe ke nan da na yi wa mutumin da ya riƙe Itzel ranar baftisma.

Ki yi masa addu'a. Ni na kasa.

Mijinki,
Nicanor

13 ga Disamba

Herlinda,

Ina gaishe ki, ina gaida yaran. Allah ya sa tarin jaririn ya sauka.

Fada Anselmo da dattawan majami'a sun ce a bi al'adar da: ƙararrawar da ta kashe mutum hukunta ta ake yi. A cire mata harshe, wato ƙarfen da ke lilo a cikinta yana bugawa, a ɗaure ta, a zana mata jan gicciye. Ni ne shugaban masu kaɗa ƙararrawa, don haka ni aka ba aikin. Doña Pilar, masaniyar tagulla da ke duba mana ƙararrawa, ta bi ta lungu-lungu, ta ce, "Don Nicanor, ba abin da ya sami wannan baiwar Allah, lafiyarta ƙalau." Duk da haka muka kwance harshen, mu huɗu muka kwantar da shi a kan buhu.

Yanzu ki zauna, zan faɗa miki abin da na ɓoye.

Kunnena na hagu ya mutu shekara uku ke nan, na dama ma ya kama hanya. Duk faɗan da kike yi wai ina share ki, ba sharewa ba ce. Na yi shiru don na san in aka gane za a sauke ni, ni kuwa ban san ko ni wane ne ba a ƙasa.

Ranar nan na ga bakin Crisanto yana motsi, ya ɗaga hannu. Na ɗauka waƙa yake yi, yadda ya saba in kiɗa ya yi daɗi. Ashe rigarsa ce ta maƙale a ƙusa, cewa yake in tsaya. Na tura da iya ƙarfina.

Mutanen gari suna ɗaga kai suna tsine wa ƙararrawar, ni kuma suna riƙe mini hannu suna cewa sannu. Zuciyata ta gaji, Herlinda.

Naki,
Nicanor

17 ga Disamba

Herlinda,

Da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki ta hannun maƙwabciya. Kin ce in je in faɗa, to na je.

Na fara da Fada. Na ajiye masa mabuɗin hasumiya, na zayyana komai, na roƙe shi a mayar wa ƙararrawar harshenta. Ya karɓi mabuɗin. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa jin ƙarfe ya yi laifi? Kakanninmu ba wawaye ba ne. Ana hukunta ƙararrawa ne don wanda ya rage ya iya shiga kasuwa." Ya ce ba za a kwance ta ba.

Daga nan na wuce wurin Remedios, matar marigayin. Yau ne addu'ar kwana tara, na same ta a tsakar gida tana naɗe ƙullin masara a ganye. Na tsaya a gabanta, na faɗa mata.

Ba ta daina naɗi ba. Sai ta ce, "Zagayo nan, ta dama za ka fi ji."

Herlinda, na zagaya, na juya mata kunnen dama.

Ta ce, "Crisanto ya daɗe da sani. Tun idin Ista likita ya hana shi hawa saboda jiri. Ba irin roƙon da ban yi ba. Ya ce in ya sauka, wa zai riƙa yi maka alama? Wani za a sa, kwana biyu ya gano ka, a kore ka, kai kuwa in an raba ka da hasumiya ba za ka kai baɗi ba." Ta goge hannu a zani. "Kada ka nemi gafarata yau, Nicanor, ba ni da ita. Ɗauki kujerun can ka jera, baƙi sun kusa zuwa."

Na jera kujerun, na zauna a ta ƙarshe. Da aka fara kiran sunansa a addu'a, bakinsu kawai nake gani.

Ki dawo, don Allah.

Mijinki,
Nicanor