Ruwan Ganyen Rahina

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Na ɗauko fasinja daga Gazawa, mun wuce Agiye kaɗan, sai kwalta ta rabu biyu a idona. Allah ya sa na samu na gangara gefe na taka birki. Wata tsohuwa a baya sai salati take. Na ce musu injin ne ya yi zafi.

Ba injin ba ne.

Talata, 8 ga Yuli

Matata Rahina ta tasa ni gaba har likita. Majo, malamin asibitin, ya ɗaura mani abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa. Tansiyo, wato hawan jini, in ji shi, kuma ta hau ƙwarai. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri da magi. Da ya tambaye ni shayi nawa nake sha, kafin in buɗe baki Rahina ta ce, "Majo, tambaye shi ruwa nawa yake sha, shi ya fi sauƙin faɗi."

An hana ni shayi mai ƙarfi da sukar. Ni Sabo, direba, ba shayi! Baba ya faɗo mani a rai. Shi ma da jiri ya soma, ya ƙare kwance a zaure, rabin jiki ba ya motsi. Ɗiyarmu Lami kuwa bana ta shiga lakol, makarantar boko.

Jumma'a, 11 ga Yuli

Rahina ta soma nata. Da safe ganyen geza da citta. Da rana zoɓo, ba sukar, tsami kamar ya tsinke mani haƙora. Ta ce ta tambayi majo, ya ce ba laifi, amma kada in kuskura in ɗauke shi a madadin ƙwaya. Na ce wannan ai abincin awaki ne. Ta ce, "To Baban Lami, ka taɓa ganin akuya da tansiyo?"

Na sha. Don a zauna lafiya.

Asabar, 19 ga Yuli

Ciwon kai. Haushin kowa nake ji, har da zakaran maƙwabta.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na koma fada, wurin hirarmu, bayan la'asar, gindin dogon yaro na bakin tasha. Yahuza na kan gawayi kamar kullum, yana ɗaga buta sama, kumfa na tashi. Tun muna samari shi ke dafa mana. Ya miƙo mani na farko, mai ɗacin nan. Na ce an hana ni. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce Rahina ta mayar da ni mai jego. Yahuza ya ce, "Haba Sabo, finjali ɗaya ne zai kashe ka?"

Na sha ɗaya. Na sha na biyu, na zauna har na uku. Kafin in kai gida zuciyata na bugawa kamar ana sussuka. Rahina ta dubi idona, ba ta ce kome ba. Da ma ta yi faɗa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ban sake zuwa fada ba. In na sauke fasinja sai in bi ta bayan tasha. Ruwa ya yi yawa bana, gero ya fara fidda kai, kowa na murna, ni ina zaune tsakar gida kamar baƙo. Ba shayin nake kewa ba, ashe. Hirar.

Rahina ta shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya a tsohuwar tayata. In an yi ruwa duk gidan ƙamshi yake. Wannan kam ba zan yi mata gardama ba.

Laraba, 27 ga Agusta

Yahuza ya yi sallama da hantsi, fuska a murtuke. Ya ce me ya yi mani da nake kewaye shi kamar mai kuturta? Sai na ba shi labarin hanyar Agiye, da tsohuwar da ke salati, wanda ko Rahina ban faɗa mata duka ba. Ya yi ta murza hula.

"Kuma ni na miƙa maka da hannuna," ya ce.

Rahina ta aiko mana da na'a-na'a da citta da ɗan kanumfari, mai zafi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ba shayi ba ne, amma ba zagi ba ne. Ya shanye. Da zai tafi ya ce, "Gobe ka zo da ganyenka. Gawayi bai san bambanci ba."

Jumma'a, 12 ga Satumba

Majo ya auna, ta sauka. Ya ce ƙwayoyin ne da kiyaye baki, in ci gaba. Rahina ta ce ganye ne. Na bar su, kowa ya riƙe nasa.

A fada yanzu buta biyu ke kan wuta. Ana ta zolayar ƙaramar, ana kiranta butar asibiti. Amma jiya na je alwala, na dawo na tarar an shanye.

Barci nake yi sosai kwanan nan. Ban sani ba ko damina ce.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Rahina ta tafi Gidan Rumji sunan ɗiyar ƙanenta, ita da Lami. Gida ba kowa, ba mai sa mani ido. Na tashi da safe da niyyar, to, ko finjali guda a tasha, wa zai sani?

Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni tsugune gaban taya ina tsinkar na'a-na'a. Na ɗora ruwa, na zuba geza. Bai yi kamar nata ba, da abin da ya rage. Na zubar, na sake. Daga ƙarshe dai na kira ta a waya, na ce Yahuza ne ke tambaya, wai citta kafin ruwa ya tafasa ake sawa ko bayan ya tafasa.

Ina jin hayaniyar mata a bayanta. Sannan ta ce, "Ka ce wa Yahuza kafin ya tafasa. Kuma ka ce masa kanumfarin na cikin shuɗin kwano, bisa kanta."