Sai Mun Yanke Tamu Shinkafar

Laraba da dare, Birnin Kebbi

Alhamdulillahi, yau zan yi barci har da minshari!

Wa'adin hayar ɗakinmu zai cika ana tsakiyar jarrabawa, kamar bara da ni da Hauwa'u, abokiyar zamana, muka yi ta yawo da katifa a keke. Na rantse ba za a sake ba. Da na ji Baba Alhaji mai gidan yana gonarsa a Argungu, na bi shi har fadama.

Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce shekara guda aka rubuta a takarda, ba ruwansa da makaranta. Sai bakina ya suɓuce: "Baba, wanda ka ba hayar gona, kana tashinsa shinkafarsa na tsaye?"

Ya ɗaure fuska, har na ce na jawo mana. Can ya fashe da dariya. "Lalle ke ɗiyar manomi ta! To, ku ma sai kun yanke taku."

Za a sake takardar: daga buɗe makaranta zuwa ranar jarrabawar ƙarshe, har ga masu zuwa bayanmu.

Hauwa'u ta kwance kayanta tana guɗa. Saura ni, da tawa shinkafar ko noman fari ban yi mata ba. Bari in ɗauko littafi.