Ruwan Gidan Yaya a Ɗakin Yarana

Anti, ki taimake ni kafin damina ta kwashe mu. Gidanmu yana ƙasan gangare, na yayan mijina yana sama. Da Yaya ya samu buɗi sai ya sare bishiyoyinsa, ya malale tsakar gida da siminti har ba inda ɗigon ruwa zai nutse, sannan ya juyo bakin magudanarsa wajenmu, saboda tsabar zumunci. Yanzu ko yayyafi aka yi, a bakin titi muke tsintar takalmanmu. Da rani kuma rijiyar da muke sha tare ƙafewa take, Yaya yana ta mamakin wai ina ruwa ya tafi. Ni na san inda ya tafi, ta ɗakin yarana ya bi.

Maigidana kuwa babban injiniya ne: duk shekara sai ya ƙara wa dokin ƙofa layin bulo. Yanzu surukata sai an ɗaga ta take shigowa. Bangon ɗakin yara ya tsage har yatsana na shiga, amma wai shi ba zai iya haɗa ido da yayansa ba. Wallahi tsoro nake ji, da hadari ya haɗo ba na iya zama. In je in samu Yaya da kaina?

Mai kwashe laka

'Yar'uwa, sannu da fama. Ki gaida min injiniya, in ya ci gaba a haka baɗi sai da tsani.

Kada ki je da faɗa. Yaya ba mugunta ya nufa ba, ya ga tsakar gidansa fes ne ya ɗauka magana ta ƙare. Kunyar mijinki ma tarbiyya ce, sai dai ba ta riƙe bango.

Yau ɗin nan ki fitar da yara daga ɗakin, a kira magini. Ranar da ake ruwa, mijinki ya riƙe wa Yaya lema su bi ruwan da ƙafa, daga indararonsa har gindin bangonku. Ku fara da maganar rijiya, tunda ita ta dame shi: a fasa wani sashe na simintin, a haƙa rami a cika da tsakuwa don ƙasa ta sha, a ajiye tanki ƙarƙashin indararo, a mayar da bishiyoyi. Ruwan da ke cin bangonki shi ne wanda rijiyar ta rasa.

In mijinki ya noƙe, surukarki ta kira 'ya'yanta biyu ta zaunar da su. Ita da ake ɗagawa a bakin ƙofa ba ta buƙatar dogon bayani. Allah ya tsare miki yaran, ya sa ku ga ƙarshen damina lafiya.